Wata Huɗu Ina Bin Sawun Danshi a Injin Takarda

Ina aiki a wata ƙaramar masana'antar takarda da ke yankin masana'antu tsakanin Accra da Tema, inda muke sayen tsofaffin kwalaye daga hannun masu tara su a kasuwanni, mu jiƙa su, mu dama su har su koma kamar kunu, sannan mu fitar da jar takardar da ake sake yin kwali da ita. Ni ne mai kula da sashen busarwa, kuma kullum daga Nima nake tasowa bayan sallar asuba domin in riga cunkoson motoci. Matsalar da zan ba da labarinta, wato danshin da ya ƙi daidaita a jikin takarda, ta cinye mana kusan wata huɗu, alhali da na san ta inda ake farawa da ba ta wuce mako shida ba, shi ya sa na ga ya dace in rubuta yadda abin ya gudana daki-daki, ko wani da aka ɗora wa irin wannan aiki zai huta da yawon da na sha.

Takarda tana baro wurin matsewa da ruwan da ya fi rabin nauyinta, wato kashi 55 zuwa 60 cikin ɗari, kuma ana so ta isa wurin naɗi da kashi 7 zuwa 8 kacal. Abin da ke kwashe wannan ruwa shi ne jerin manyan gangunan ƙarfe da muke kira silinda, namu guda 16 ne, kowace kaurinta mita 1.5, an kasa su rukuni uku. Tururi yana shiga cikin ganga ta wuyanta, ya taɓa bangon ƙarfen, ya saki zafinsa, ya koma ruwa, sai wani siririn bututu mai lanƙwasa da ke cikin gangar, wanda muke kira saifon, ya zuƙe ruwan ya fitar da shi. Takardar kuwa tana bin bayan gangunan ɗaya bayan ɗaya, bargo yana danne ta a jikinsu. Duk wanda ya fahimci wannan ya fahimci rabin aikin, amma ni na yi shekaru ina kallon allurar geji, wato agogon auna matsin tururi, kawai, ban taɓa tsayawa na yi tunanin ruwan da ke kwance a cikin gangar ba.

A tsakiyar watan Yuni, damina tana kan ganiyarta, wani kamfanin yin kwali da ya daɗe yana sayen kayanmu ya mayar mana da naɗi goma sha ɗaya, tare da wasiƙa cewa kwalayensu suna lanƙwashewa bayan an manna su, gamon kuma ba ya kamawa a gefe guda. Manaja ya kira ni ofishinsa, ya ajiye wasiƙar a gabana, bai ɗaga murya ba, amma na fita ina jin kamar an watsa mini ruwan zafi. Abin da na yi a ranar shi ne abin da kusan kowa yake yi: na je na ƙara matsin tururin rukuni na biyu da na uku daga ba 3 zuwa ba 4 (“ba” shi ne ma'aunin da muke ƙidaya matsi da shi). Kafin la'asar gefen gaba na takardar, wato gefen faɗinta da ke wajen da muke tsayawa, ya bushe ƙayau har yana gautsi, ta tsinke mana sau biyar a aikin dare ɗaya, gefen baya kuwa yana nan da laimarsa kamar ba a yi komai ba. Daga baya ne na duba jadawalin tururi na ga ƙanƙantar abin da na saya da wannan asara. Tururi mai matsin ba 1 a geji zafinsa kusan digiri 120 ne, ba 2 kusan 134, ba 3 kusan 144, ba 4 kuma kusan 152. Wato digiri takwas kaɗai na ƙara, kuma na ƙara shi ne a kan gangar gaba ɗayanta, da inda ke buƙata da inda ba ya buƙata, domin matsi ɗaya ne a cikin ganga daga wannan kai zuwa wancan.

Zangon farko na gaskiya shi ne ɗakin gwaji. Matar da ke kula da shi, wata Hajiya 'yar Mamobi da ta girme ni da shekaru, ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, “Ƙanena, kana ta cewa takarda ba ta bushewa daidai, to a faɗinta ne ko a tsawonta?” Na rasa amsa. Ta sa muka riƙa yankar samfuri biyar a faɗin kowane naɗi, daga gefen gaba zuwa gefen baya, muna saka kowane a leda nan take muna ɗaurewa, domin takarda mai zafi tana shan danshin iska cikin mintuna kaɗan, balle iskar Accra a damina. Ana auna nauyin samfurin, a saka shi a tanda mai zafin digiri 105 har nauyinsa ya daina sauka, a sake aunawa. Mun yi haka kwana bakwai, dare da rana, kowane sakamako da lokacinsa a rubuce. Da muka baje takardun a kan tebur sai ga cuta biyu, ba ɗaya ba. A faɗi, gefen gaba yana kashi 5 zuwa 6, tsakiya 8, gefen baya 11 zuwa 12, kuma wannan bai canjawa ko da wane lokaci. A tsawo kuma, naɗin gaba ɗaya yana hawa yana sauka, wanda aka naɗe da ƙarfe uku na dare ya fi na hantsi laima da kusan kashi biyu. Wannan mako bai ci mana ko sidi ɗaya ba in ban da leda da haƙuri, kuma shi ya fi duk abin da ya biyo baya amfani.

Daga nan sai batun geji. Injiniyanmu ya ce kafin a taɓa ko wane bawul sai an tabbatar cewa abin da muke karantawa gaskiya ne, domin wasu gejin sun kai shekara shida ba a gwada su ba. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Ghana ce ke riƙe da ma'aunan ƙasa, akwai kuma ɗakunan gwaji masu zaman kansu da ke wannan aiki, mu ɗaya daga cikinsu muka je. Na ɗauka abu ne na a kai a karɓo, ashe sai an rubuta wasiƙar neman aiki a kan takardar kamfani, a jera kowane geji da lambarsa da iyakar abin da yake aunawa, su ba da takardar farashi, a biya a banki, a kawo rasit, sannan a karɓi kaya. A zuwana na farko an mayar da ni saboda lambobin geji biyu da na kwafa daga tsohon littafin sito ba su dace da waɗanda ke jikinsu ba, na yi asarar yini guda a hanya, ina zaune cikin turoturo, motar haya, da kwalin geji a kan cinyata. Wani kuskuren da ya fi wannan shi ne ba mu da na canji, ga shi ba a gudanar da inji babu geji, dole muka kasa su kashi biyu, kowane kashi ya yi kwana tara na aiki. Mun biya sidi 250 a kan kowane ɗaya a lokacin, guda 12, sai dai farashi a ƙasar nan ba ya zama wuri ɗaya, kada wani ya riƙe wannan adadi. Sakamakon ya ba ni kunya. Gejin rukuni na biyu yana ƙara kusan rabin ba a kan gaskiya, na bututun fitar ruwa na rukuni na uku kuwa allurarsa ta maƙale, ko an cire shi daga bututu ba ta komawa sifiri. Shekara nawa ina rubuta ƙarya a littafin aiki da hannuna, ina sa hannu a ƙasa.

Yayin da muke jiran kashi na biyu, na kwana biyu a ɗakin tukunyar tururi, wurin wani dattijo ɗan Sabon Zango da kowa ke kira Baba, wanda ya fara hura tukunya tun kafin a haife ni. Tukunyarmu da ɓawon kwakwar manja da guntayen itace ake hura ta, da shebur ake zuba su. Na zauna a kan benci da agogo da littafi ina rubuta matsi duk bayan minti goma. Da rana yana tsakanin ba 8 da ba 9, amma bayan ƙarfe biyu na dare sai ya riƙa faɗuwa har ƙasa da ba 6, ya jima, sannan ya yi tsalle ya koma sama. Na ce, “Baba, me ke faruwa da dare?” Ya kama hannuna ya kai ni bayan ɗakin, ya tura hannunsa cikin tarin ɓawon, ya damƙo ya matse, ruwa ya biyo tsakanin yatsunsa. Ya ce, “Ɗana, busasshen da ke ƙarƙashin rumfa da rana yake ƙarewa, da dare wannan nake ci. Wuta sai ta fara shanye ruwan da ke jikinsa kafin ta tuna da tukunya. Na faɗa tun farkon damina, amma wa ke jin maganar mai shebur?” Ya kuma nuna mini cewa yaron da ke taimaka masa yakan jibga makamashi da yawa lokaci guda domin ya samu ya runtsa, wutar ta shaƙe, sannan ta tashi gaba ɗaya. Gyaran wannan bai wuce tamfol biyu da katakon da aka ɗaga tarin a kai ba, da kuma umarnin a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan a kai a kai. Na shigar da buƙatar ƙarin rumfa a rubuce, ita ce ta fi komai daɗewa a ofishin kuɗi.

Tsakanin tukunya da ganguna akwai bawul mai rage matsi, wanda aikinsa shi ne ya riƙe matsin da ke bayansa wuri ɗaya ko da na gabansa yana motsi, amma yana da iyaka, musamman idan ba ya samun tururin da ya ishe shi. Da aka tsaya na awa huɗu ranar wata Lahadi muka buɗe rariyar ƙarfen da ke gabansa, muka tarar fiye da rabinta ya toshe da tsatsa da farin ƙanzo. Ƙanzon nan shaida ce cewa ruwan tukunya yana yin kumfa yana bin tururi, don haka aka koma ga na'urar tausasa ruwa, aka ga gishirinta ya ƙare tun makonni, aka kuma tsara lokutan zubar da ruwan gindin tukunya. Bayan wannan da gyaran makamashi, hawa da saukar danshi a tsawon naɗi ya ragu ƙwarai. Bambancin da ke faɗin takarda kuwa yana nan daram.

Sai muka shiga auna zafin bayan kowace ganga tana cikin juyawa. Nan ma na fara da kuskure, domin na ari bindigar auna zafi daga masu lantarki, ta riƙa ba ni adadin da hankali ba zai ɗauka ba, ganga mai ƙona hannu ta ce digiri 60. Ƙarfe mai sheƙi yana ruɗar irin wannan na'ura, sai dai a yi amfani da ma'aunin da ke taɓa jikin gangar, ko a shafa baƙin fenti mai jure zafi a gefen da takarda ba ta bi, a auna a nan. Da muka samo mai taɓawa, muka auna wuri uku a kowace ganga, gaba da tsakiya da baya. Yawancinsu suna ƙasa da zafin tururinsu da digiri 20 zuwa 25, wanda ba laifi ba ne, amma ta 9 da ta 12 sun yi ƙasa da maƙwabtansu da fiye da digiri 30. Fitanmu, wato mai gyaran inji, wani Malam ɗan Ashaiman mai ƙarancin magana, ya ɗora bakin dogon sukundireba a kan gidan boris na ta 9, inda wuyan gangar ke juyawa, ya kafa kunnensa a ƙotar, ya yafito ni. Abin da na ji kamar ana juya rabin buta cike da ruwa ne, wani ruuu sannan tim, ruuu sannan tim. Mai lantarki ya ƙara da cewa motar lantarkin da ke jan wannan rukuni ta daɗe tana cin wuta fiye da ƙa'ida, allurarta tana rawa, ya ɗauka boris ne. A nan ne lissafin ya zauna mini. Kilo ɗaya na tururi idan ya koma ruwa yana sakin zafin da ya haura kilojul 2,100 (kilojul ma'aunin yawan zafi ne), amma kilo ɗaya na ruwan zafi idan ya huce da digiri goma abin da yake bayarwa bai wuce 42 ba. Gangar da ruwa ya cika ba ta da wurin da tururi zai sauka, ko an kai matsinta ina.

Neman izinin tsayar da inji ya ɗauki kwana goma sha biyu. Manaja yana da odar da ya yi alkawari, kowace awa ta tsayawa kuɗi ce, kuma ban ga laifinsa ba da ya ce in kawo hujja a rubuce. Na haɗa sakamakon ɗakin gwaji, da takardun shaidar geji, da jadawalin zafin ganguna, da lissafin naɗin da aka mayar, shafi huɗu, injiniya ya sa hannu. Sai da aka sake mayar mana da naɗi shida kafin takardar ta fito daga ofis da amincewa.

Mun rufe tururi ranar Juma'a da daddare, aka sa kwaɗo a bawul da makunnin mota, makullan suna aljihuna, aka bar gangunan suna hucewa fiye da yini guda, domin ba a gaggauta sanyaya ƙarfen zubi, kuma ba a buɗe murfi sai an tabbata babu sauran matsi a ciki. Akwai takardar izinin shiga da ni da injiniya da jami'in kiyaye haɗari muka sa wa hannu, da sharaɗin mutum ɗaya ya tsaya a bakin ramin muddin wani yana ciki, fitila kuma ta zama mai ƙaramin lantarki. Da Malam ya kwance murfin ta 9, ruwa mai launin shayi ya ɓulɓulo har ya jiƙa mana takalma, muka kwashe sauran da famfo. Ni na fara shiga, da rarrafe, ciki da ɗumi kamar ɗakin da aka kwana ana girki, ga warin tsatsa. Na haska fitila sai ga saifon ɗin kwance a gindin gangar, ya karye daga wurin lanƙwasarsa, juyawar watanni ta goge shi har yana ƙyalli kamar cokali, ya kuma zana siraran layuka a bangon. Wato ruwa ba ya samun hanyar fita sai ya taru ya kai tsayin wuyan gangar, kusan rabinta ke nan. Na ta 12 bai karye ba, amma ya karkace, bakinsa ya ɗaga daga bango da kusan faɗin tafin hannu, alhali tazarar bai kamata ta wuce 'yan milimita ba. Tunda mun riga mun tsaya, muka buɗe sauran, muka sami uku da tazararsu ta yi yawa. Inji mai tafiya a hankali irin namu, wanda bai wuce mita 120 a minti ba, ruwansa kwanciya yake yi a gindin ganga yana tuntsurawa, ba ya manne wa bango ya zagaye kamar yadda yake yi a manyan injuna masu gudu, saboda haka tazarar bakin saifon ita ce ke yanke yawan ruwan da zai zauna.

Bututun saifon ba su ba mu wahala ba, wani mai aikin lanƙwasa ƙarfe a Tema ya yi mana biyu cikin kwana biyu a kan sidi 1,800, muka ba shi karyayyen ya yi koyi da shi. Abin da ya kama mu shi ne zobban gawayin da ke cikin mahaɗin da ke wuyan kowace ganga, inda bututu mai tsaye yake haɗuwa da ganga mai juyawa. Shida daga cikinsu sun cinye, kuma ta nan tururi yake zarcewa kai tsaye zuwa hanyar fitar ruwa ba tare da ya shiga ganga ba, abin da ke kashe bambancin matsin da ke tura ruwa waje. Na yi yini biyu ina zagaya Abossey Okai da shagunan kayan masana'antu da tsohon zobe a aljihu, kowa ya juya shi ya girgiza kai, wani ma ya ce zai yanka mini irinsa daga wani abu daban, na gode masa na wuce. Dole aka yi oda daga waje. Muka mayar da tsofaffin muka tayar da inji, muka jira mako biyar: mako ɗaya wurin neman dala da amincewar ofis, biyu a hanya, sauran kuma wurin fitar da kaya, saboda bayanin da mai sayarwa ya rubuta a takardar kaya bai dace da wanda wakilinmu ya shigar ba, sai da aka sake aiko da gyararriya. Kwali ne da bai fi a riƙe shi da hannu ɗaya ba.

Tsayawa ta biyu mun haɗa ta da binciken hukuma, wannan kuwa dabarar injiniya ce. Dokar masana'antu da ofisoshi da shaguna ta 1970, wadda aka fi sani da lamba 328, ta wajabta a riƙa duba tukunyar tururi da kayan da ke riƙe matsi lokaci-lokaci, kuma lokacin namu ya kusa. Mun rubuta wasiƙa, aka ba mu rana, aka ce mu tanadi rahoton binciken da ya gabata, da bayanan da ke kan farantin tukunya, da takardun shaidar geji, da littafin aikin mai hura wuta. Rahoton baya ya ɓace mana, na yi kwana uku ina tone akwatunan sito kafin ya fito daga cikin fayil ɗin inshora. Mai binciken ya duba cikin tukunya tana sanyi, aka yi mata gwajin ruwa, washegari da aka hura ta ya tsaya har bawul ɗin kariya ya buɗe da kansa a matsin da aka ƙayyade. Da ya zo kan ganguna ya tambayi iyakar matsin da aka rubuta a jikinsu, ya kuma ja kunnenmu cewa kada a kuskura a yi walda a jikin gangar ƙarfen zubi ko a ɗaure bawul ɗin kariya don neman ƙarin zafi. Gabana ya faɗi da na tuna ranar da na ƙara matsi da geji mai ƙarya, ban ma duba farantin ba. Allah ne ya sa ƙaryar gejin ta ƙari ce, ba ta ragi ba.

Tayarwar ta ɗauki kusan awa uku, kuma wannan karon ban bar kowa ya gaggauta ni ba. Gangunan suna juyawa a hankali tun kafin a saki tururi, domin kada gefe ɗaya ya yi zafi ya bar ɗaya, hanyoyin fitar iska a buɗe har sai tururi tsantsa ya fara fita, domin iskar da ta maƙale a ganga tana rufe bango kamar bargo, geji ya nuna matsi amma zafi bai kai ba. Bututun kuma an tsiyaye ruwansu tukuna saboda gudun bugun da ke iya fasa mahaɗi. Rukunin farko mun bar shi ƙasa da ba 1, domin takarda mai jiƙe idan ta haɗu da ƙarfe mai tsananin zafi zarenta yana manne wa ganga, fuskarta ta yi ƙura. Na biyu ba 2.5, na uku ba 3. Abin da na fi sa wa ido yanzu shi ne bambancin da ke tsakanin gejin shiga da na fita a kowane rukuni, wanda a injinmu ya zauna tsakanin 0.2 da 0.3, idan ya yi ƙasa ruwa ya taru, idan ya yi yawa tururi ya tsere a banza. Samfurin da Hajiya ta auna a daren ya nuna kashi 7 a gaba, 7.5 a tsakiya, 9 a baya, da matsin da bai wuce wanda muke amfani da shi a da ba, motar rukuni na biyu kuma allurarta ta tsaya cak.

Wannan kashi 9 na gefen baya ya hana ni barci mako guda, na yi ta zargin tururi, har sai da Hajiya ta ce mu yanki samfuri kafin takarda ta shiga ganga ta farko. Ashe tun daga wurin matsewa gefen baya yake fitowa da ƙarin ruwa, domin robar abin matsewar ta cinye a wannan ɓangare, bargon busarwa na rukuni na uku kuma ya saki a gefe guda, ramukansa sun toshe da gamo da ƙazantar tsofaffin kwalaye, ga wata taga da ke kusa da bango da ba ta barin iska mai laima ta fita. An daidaita matsewar, an wanke bargon an ja shi, bambancin ya sauko ƙasa da kashi ɗaya da rabi. Ba aikin sashena ba ne, amma a kaina ƙorafin yake sauka, kuma da na yanki wannan samfuri tun makon farko da an gyara shi tare da sauran.

Idan da zan sake bin wannan hanya, zan fara da tambayar Hajiya, domin danshin da ke hawa da sauka bisa lokaci yana nuna tukunya da bawul, wanda ya tsaya a gefe guda kuwa yana nuna ruwan cikin ganga ko bargo ko iska ko matsewa, kuma murɗa bawul ba ya maganinsa. Zan sayi geji uku na canji kafin in kai ko ɗaya gwaji, in kwafi lambobi daga jikinsu ba daga littafi ba. Ba zan nemi a tsayar da inji ba sai zobban gawayi da saifon ɗaya ko biyu suna sito, domin tsayawa biyu da muka yi ta fi kuɗin kayan gaba ɗaya nesa ba kusa ba, kuma zan tambayi ranar binciken hukuma tun farko in haɗa su. Takardun kuma yanzu fayil ɗaya na yi musu, kwafi ɗaya a ofis, ɗaya a akwatina. Wanda zai kai wa manaja buƙata ya tafi da adadi a rubuce. Na lura maganar baki ta mai aikin dare ba ta haye matakalar ofis, ko da ta fi ta kowa gaskiya, kamar yadda ta Baba ta kwana wata biyu a ƙasa.

Da hunturu ya shigo a watan Disamba, iska ta bushe, makamashi ya bushe, takarda ta fara fitowa ƙasa da kashi 6, muka rage rukuni na uku zuwa ba 2.6, na rubuta a bangon littafin aiki cewa a mayar da shi idan ruwan farko ya sauka. Na'urar da za ta riƙa daidaita matsin da kanta har yanzu tana cikin kasafin da ba a amince da shi ba, saboda haka duk awa ɗaya mutum yake zagayawa da littafi. An gina rumfar makamashi a ƙarshe, bayan damina ta wuce. Ranar Litinin da ta gabata Malam ya sake kafa kunnensa a gidan boris na ganga ta 14, ya daɗe bai ɗago ba, sannan ya ce in sa ta cikin jerin waɗanda za a buɗe a tsayawa mai zuwa.